Kuɗin Ruwa: A Fara da Kogi Kafin Famfo

Kowace shekara idan aka karanta kasafin kuɗin jiha, akan ji an ware wa sha'anin ruwa kaso mai tsoka, jama'a su yi murna. Amma wanda ya zauna ya bi lissafin layi-layi zai tarar mafi yawan kuɗin sun tafi ne wajen sayen injuna, da shimfiɗa bututu, da biyan kuɗin wuta da na man gas, da sayo alif da sauran magungunan tace ruwa. Duk waɗannan abubuwa ne masu amfani, babu mai musun haka. Sai dai kogin da ake jawo ruwan daga cikinsa, shi ba a cika tunawa da shi ba. Ana kashe miliyoyin naira wajen wanke ruwa a gidan ruwa, alhali kuwa an bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ɓata shi tun yana cikin kogi. Wannan lissafi bai yi daidai ba, kuma lokaci ya yi da Hukuma za ta sake shi.

Babu inda maganar ta fi fitowa fili kamar Kano. Birnin yana tsakanin koguna biyu ne. Daga kudu akwai kogin Challawa, wanda tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka gina gidan ruwa a bakinsa aka fara jawo wa birni ruwan famfo. Wannan kogi shi ne kuma yake karɓar ruwan da masana'antun unguwar Challawa suke zubarwa, haka kuma rafin Salanta yake kwaso na masana'antun Sharaɗa ya kawo masa. Daga nan ya gangara ya haɗu da kogin Kano kusa da Tamburawa, inda wani babban gidan ruwan yake. Watau dai kogin da birni yake sha daga gare shi, shi ne kwatamin masana'antu.

Daga arewa kuma akwai Jakara, wanda sunansa ya fito a tarihin Kano tun zamanin mazauna Dala. Yana ratsa tsohon birni ta gefen kasuwar Kurmi, ya kwashi ruwan wanka da wanki da na masai na dubban gidaje, da jini da tumbi na mayanka, kana rafin Getsi ya kawo masa ruwan masana'antun Bompai. Dukan wannan tarkace yana ƙarewa ne a madatsar ruwa ta Wasai cikin ƙasar Minjibir, wadda aka gina cikin 1976 domin noman rani da kamun kifi. Madatsa kuwa ba ta da inda za ta kai abin da aka kawo mata. Abin da ya shiga sai ya kwanta a ƙasa, shekara ta bi shekara.

Ya kamata a san abin da ke cikin wannan ruwa, gama wanda bai san ciwo ba ba ya sanin magani. Jima tsohuwar sana'a ce a Kano, kuma fatun Kano sun ƙetare hamada ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Majeman da suna aiki da toka da bagaruwa, abubuwan da ƙasa take iya cinyewa. Kamfanonin jima na zamani kuwa suna aiki da gishiri mai yawa, da farar ƙasa, da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake cire gashi da shi, sannan da sinadarin kuromiyam, wanda shi ne yake jeme fatar ya mai da ita shuɗi-shuɗi. Fata ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yakan rage cikin ruwa, idan ba a tare shi ba sai ya bi lambatu. Shi kuwa dangin ƙarfe ne, ba ya ruɓewa kamar yadda kashi ko ganye suke ruɓewa. Yakan zauna cikin laka da ƙasar gona, wani abu daga cikinsa ya shiga jikin tsiro da kifi. Malaman jami'o'i, musamman na Jami'ar Bayero, sun sha gwada ruwa da ƙasa da ganyayen bakin waɗannan koguna, sun kuma sha samun kuromiyam da darma da makamantansu fiye da yadda ya dace.

To, wa yake biyan wannan bashi? Na farko shi ne mai lambu a bakin Jakara da Getsi, wanda yake wuni da ƙafarsa cikin baƙin ruwa yana ban-ruwan latas da kabeji da karas da alayyafo. Na biyu shi ne wanda ya saya a kasuwa, domin ganyen ba ya zuwa da shaidar inda aka shuka shi, kuma yana shiga tukunyar babban sakatare kamar yadda yake shiga ta masinja. Na uku shi ne masunci da makiyayin da yake shayar da dabbobinsa. Na huɗu kuwa ita ce Hukumar Ruwa da kanta. An tsara gidajen ruwa irin waɗannan ne domin su kwantar da laka su kashe ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da kogi ya ƙara ɓaci sai an ƙara magani, an ƙara wanke matatai, an ƙara kuɗi. Ashe abin da mai masana'anta ya ƙi kashewa a harabarsa, baitulmali ne yake biya a wani wuri, daga aljihun talakan da bai taɓa sayar da fata ko ɗaya ba.

Ba daidai ba ne kuma a ɗora wa masana'antu laifin duka. Birni mai miliyoyin mutane kamar Kano ba shi da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa da take tattara ƙazantar gidaje ta kai ta wurin tacewa. Masai ya cika, a kira mai kwasa, shi kuma ya nemi kududdufi ko rafi mafi kusa. Da damina ta sauka sai komai ya haɗu ya bi ruwa. Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Cikin 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka fiye da 3,500, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. An rufe wani sashe na Jakara cikin birni an shimfiɗa titi a kansa, hanci da ido sun ɗan huta a unguwannin da aikin ya ratsa, amma ruwan da ke gudana a ƙarƙashin titin shi ne dai na jiya, kuma Wasai ce har yanzu take karɓarsa.

Har ila yau, ruwan Challawa ba ya tsayawa a iyakar jihar Kano. Bayan Tamburawa yana wucewa ta Wudil ya zama kogin Haɗejiya, ya bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, ya haɗu da kogin Jama'are, ya bi ta Gashuwa da Gaidam da sunan Komadugu Yobe, ya yi iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar a wajen Difa, kana ya nufi Tafkin Chadi. Mutanen wannan dogon kwari suna da nasu kukan. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye cikin 1992, yanayin kogin ya sake. Da, ruwa yakan zo da ƙarfi da damina ya share hanyoyinsa, ya janye da rani ƙasa ta bushe. Yanzu kuwa yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, yashi da laka suna taruwa, ciyawar kachala ta sami wurin zama ta toshe magudanai. Ragowar takin zamani da ke gangarowa daga gonakin rani yana ƙara mata ƙarfi. Inda kachala ta kafu, gona ta tafi, kwalekwale ba ya wucewa, tsuntsayen jan-baki sun sami sheƙa, sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya sun sami gida. Madatsun nan sun ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa, sun kuma shayar da birni, wannan gaskiya ne. Amma na ƙasa da kogi su ma 'yan ƙasa ne.

Wani zai ce a yi doka, a kafa hukuma. Amsa ita ce an yi, an kuma kafa. Cikin 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumomin raya kwarin koguna, har da ta Haɗejiya da Jama'are mai hedkwata a Kano. Cikin 1981 aka buɗe asusun kula da muhalli, wanda ake cirar masa kaso daga asusun tarayya, jihohi kuma suke samun rabonsu. Cikin 1988, bayan da aka gano gubar da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, gwamnatin soja ta yi dokar hana zubar da guba, ta kuma kafa hukumar kiyaye muhalli ta FEPA. Cikin 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka tilasta wa kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Cikin 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohi shida, watau Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka haɗa kai da Gwamnatin Tarayya aka kafa asusun amana domin gyaran wannan kwari. Cikin 2007 aka kafa hukumar NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da kamfanonin fata cikin 2009. Idan da takarda tana wanke kogi, da yanzu ana ganin allura a ƙasan Salanta.

Abin da ya rage abu uku ne: kuɗin da ba ya yankewa, da awon da kowa zai gani, da hukuncin da ba ya duban fuska. Wasu ƙasashe sun bi ta wannan hanya, kuma akwai abin koyo a wurinsu.

A ƙasar Indiya, kamfanonin jima na jihar Tamil Nadu sun daɗe suna ɓata kogin Palar da rijiyoyin manoma. Cikin 1996 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta yanke hukunci cewa wanda ya ɓata shi zai biya kuɗin gyara da diyyar waɗanda aka cuta, kuma kamfanin da ya ƙi tace ruwansa a rufe shi. Da yake ƙananan kamfanoni ba su da ƙarfin gina matata kowa tasa, sai aka ƙarfafa tsarin matata ɗaya ta haɗin gwiwa a kowace unguwar majema. Matsalarsu ba ta ƙare ba har yau, amma an daina gardamar wanda zai biya.

A Singafo, Firayim Minista Lee Kuan Yew ya ba ma'aikatansa wa'adin shekara goma cikin 1977 su tsabtace kogin da ya ratsa birnin, wanda wari ya hana a tsaya a bakinsa. Ba su fara da yashe kogin ba. Sun fara da sake wa mazauna bakinsa matsuguni, da gina wa masu sayar da abinci rumfuna masu famfo da magudana, da kawar da wuraren kiwo da jiragen dako. Cikin 1987 aka gama aikin, cikin 2008 kuma aka datse bakin kogin ya zama tafkin da ake ɗibar ruwan sha. Darasin shi ne sai an toshe inda dauɗa take shigowa kafin a ɗauki tsintsiya.

A jihar Minnesota ta Amurka kuwa, jama'a ne da kansu suka jefa ƙuri'a cikin 2008 suka yarda a ƙara musu harajin sayen kaya da abin da bai kai santi 40 ba a kan kowace dala 100, har tsawon shekara 25, watau zuwa 2034. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara yana shiga asusun tsabtace tafkuna da koguna da ruwan ƙarƙashin ƙasa. An rubuta wannan cikin tsarin mulkin jihar, don haka gwamna ba ya iya juya kuɗin zuwa wani aiki. Suna kuma bin manyan kwaruruwan jiharsu 80 bi da bi ana gwada ruwansu, a kewayo cikin shekara goma, a buga sakamakon kowa ya gani. Kano ba Minnesota ba ce wajen arziki, amma ɗaure kuɗi da doka ba ya bukatar arziki.

Dole ne kuma a yi wa masu masana'antu adalci. Da yawa daga cikin kamfanonin Sharaɗa da Bompai sun rufe tun daga shekarun 1990 saboda rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje. Waɗanda suka rage suna ɗauke da dubban ma'aikata, fata kuma tana cikin manyan kayan da ƙasar nan take sayarwa waje bayan man fetur. Matatar ruwa tana bukatar wuta dare da rana, wanda yake ƙona man gas don ya juya injin jima kuwa, injin tace ruwa ne farkon abin da zai kashe idan lissafi ya matse. Duk wannan an sani. Amma uzurin bai kai a bar mutum ya zuba wa maƙwabcinsa guba ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bugu da ƙari, masu sayen fata a Turai suna ƙara matsa tambayar yadda aka jeme ta, saboda haka kamfanin da bai gyara don lafiyar mutanen Kumbotso ba, wata rana zai gyara don kada kasuwa ta kufce masa.

Ga abin da ya kamata a yi. Da farko, Majalisar Dokokin Jiha ta kafa asusun tsabtace koguna bisa doka, a yanka masa kaso sananne daga rabon jiha na asusun muhalli, a haɗa da kuɗin da kowace masana'anta za ta biya gwargwadon yawan ruwan da take zubarwa da munin abin da ke cikinsa. A haramta taɓa asusun don wani aiki dabam, Babban Mai Binciken Kuɗi kuma ya riƙa kai wa Majalisa rahotonsa kowace shekara.

Na biyu, a tabbatar da matata ta haɗin gwiwa mai aiki a Challawa da Sharaɗa da Bompai, kowace da tata hanyar samun wuta. Hukuma ta ɗauki nauyin gini, kamfanoni su ɗauki nauyin gudanarwa. Kafin ruwan kowane kamfanin jima ya shiga babbar matata, a tilasta masa ya ware ruwan kuromiyam dabam. Akwai hanya sananniya ta kwantar da sinadarin a sake narkar da shi a yi wata jimar, wadda take rage wa kamfanin kansa kuɗin sayo sabo. Kuma kada a sa hannu a kwangilar gini sai an nuna inda kuɗin gudanarwa na shekara goma zai fito, domin ƙasar nan ta gaji da gine-ginen da ake yanka musu kirtani yau, gobe ciyawa ta rufe su.

Na uku, a zaɓi wurare tabbatattu a Salanta da Challawa da Tamburawa da Getsi da Wasai da Wudil, a riƙa ɗibar ruwa ana gwadawa kowane wata. A ba jami'o'in Kano da Wudil wannan aiki tare da Ma'aikatar Muhalli, a buga sakamakon a jaridu, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Abin da jama'a suka ji da kunnensu yana da wuyar ɓoyewa cikin fayil.

Na huɗu, a keɓe wa motocin kwasar masai wuraren zubarwa da tacewa, a yi wa mayanka tata matatar, a kuma maido wa duba-gari martabarsa da kayan aikinsa. Na biyar, kada a kori masu lambun bakin Jakara, gama su ba su ɓata ruwan ba, tarar da shi suka yi. A haƙa musu rijiyoyi a inda gwaji ya nuna ruwan ƙasa yana da kyau, a shawarce su a kan irin shukar da ta dace da wurin har kafin kogin ya farfaɗo. Na shida, jihohin nan shida su cika alkawarin Damaturu, su zauna da Hukumar Haɗejiya da Jama'are a tsara lokutan sakin ruwa daga Tiga da Challawa yadda zai riƙa share magudanai, a kuma ɗauki yankan kachala a matsayin aikin kowace shekara. Rancen dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi cikin 2021 don gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa zai iya tallafawa, amma rance yana da ranar ƙarewa, kogi kuwa sai an yi ta kula da shi.

Nauyi mafi girma yana wuyan ma'aikatan gwamnati. Doka komai kyanta, a hannun sufeton da aka aika bakin bututu take rayuwa ko ta mutu. Idan ya je ba shi da mota, ba shi da kwalbar ɗibar ruwa, albashinsa kuma bai zo ba, to an riga an san yadda rahotonsa zai kasance. Idan kuma ya rubuta gaskiya aka yi waya daga sama aka ce a ajiye fayil, gobe ba zai sake wahalar da kansa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Manyan sakatarori su tabbata an ba shi kayan aiki, an kuma tsaya a bayansa ranar da ya taka sawun mai ƙarfi.

Ɗalibai su ma suna da rabonsu. Shekara da shekaru ɗaliban kimiyya da na labarin ƙasa suna ɗibar ruwan Jakara da Challawa suna rubuta kundin kammala karatu, a ba su maki, a jera kundin a kanta ƙura ta rufe shi. Ya kamata shugabannin sassan su tattara waɗannan binciken wuri guda, a taƙaita su da harshen da ɗan majalisa da mai unguwa za su fahimta, a miƙa wa kwamitin muhalli na Majalisa kafin zaman kasafin kuɗi.

Ba a tsabtace kogi cikin wa'adin gwamna ɗaya, wannan ne ma ya sa 'yan siyasa ba su cika sha'awar aikin ba. Wanda ya fara ba lalle ne shi zai ga ƙarshensa ba. Amma madatsar Tiga da ake cin amfaninta yau, waɗanda suka gina ta yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, ana kuwa ambatonsu da alheri. Kasafin kuɗi mai zuwa shi ne wurin da za a gane niyyar Hukuma. Jama'a su duba su gani ko an rubuta wa kogi layinsa, nawa aka rubuta, kuma wa aka ɗora wa alhakin ba da bayani a ƙarshen shekara.